Bedin da Muka Bar wa Hajiya Binta

Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai yayana, Malam Sada, makwancinsa. Malamin daji ne, a gandun gwamnati ya ƙare aikinsa. Amma mutanen unguwarmu a nan Katsina ba da kakinsa suke tuna shi ba, da itacen kabari suke tuna shi.

Yana da gona a hanyar Batagarawa, ya kewaye ta da bedi, wanda Kanawa ke ce wa darbejiya. In aka yi rasuwa, kafin a gama wankan gawa ya hau kekensa ya saro rassa masu kauri, ya daddatsa su daidai faɗin kabari, ya kai maƙabarta. Bai taɓa karɓar ko sisi ba. Reshe yake sara, ba ya taɓa gindi, kuma bishiyar da ya sara bana sai ta huta shekara uku. Mukan tsokane shi cewa ya fi sanin lafiyar bedi a kan ta 'ya'yansa. Sharri muke masa, don a inuwar nan ya raine su duka. Shi ma da rassan gonarsa muka rufe shi.

Da gari ya cimma gonar, 'ya'yansa suka ce a yanka ta fuloti-fuloti. Ni ne uban da ya rage musu. Da na ce a'a, da an fasa. Ban ce ba, na sa hannu. Matarsa, Hajiya Binta, ba ta hana ba. Abu ɗaya ta roƙa: "Mamman, ku bar mani bedi guda. In tawa ta zo, da itacen Malam nike so a rufe ni."

Na yi mata alkawari. Muka bar guda a kusurwa, mutumin da ya sayi fulotin ya amsa da baki cewa ba zai sare shi ba. Da ya tashi jan katanga sai ya kira masu gawayi. Kututture na je na tarar. Shekara huɗu ke nan ban faɗa mata ba.

Yau in aka yi rasuwa a unguwa, wajen masu itacen girki ake tsinto sirara, karkatattu. Da idona na ga kabarin da ya rufta a damina ɗaya. Da Yaya Sada zai leƙo, na san ba mai fuloti zai tuhuma ba, bai ma san shi ba. Ni zai kalla.

Hajiya Binta tana kwance tun bayan sallah. Ranar Juma'a na je gaishe ta, ta ce, "Mamman, bedin nan nawa shina nan ko?"

Na ce, "Shina nan, Hajiya."

"To, a sari reshe kawai. Malam ba ya son a taɓa gindi."

In na auna abin da ya rage na Yaya Sada, akwai 'ya'ya masu zumunci, akwai mutane da yawa da ke kwance lafiya ƙarƙashin itacensa, Allah ya kai masa ladan. Abin da ya faɗo hannuna kuwa, na tozarta shi, kuma ina jin ɗacin haka kullum. Rana na zuwa da zan durƙusa a bakin kabarinta, a miƙo mini itacen da ban san daga ina ya fito ba, ni kuma in jera mata.