Ranar da Na Jefa Ƙuri'ar Maigidana a Jidda

Ko zan manta komai na zamanmu a Jidda, ba zan manta ranar da na yi zaɓe sau biyu ba, kuma da izinin hukuma.

Mu 'yan Nijar ne, muna zaune a unguwar Ruwais, a hawa na uku na wani tsohon gida mai matakala kawai. Maigidana magini ne. Ya faɗo daga gini, ƙafafunsa suka daina aiki, ya koma zaman keken guragu. Saukowarsa ƙasa sai an tara maza huɗu, shi kuwa ya tsani a ɗauke shi kamar buhu. Amma mutum ne mai son siyasa, tun yana saurayi zaɓe bai taɓa wuce shi ba.

Da zaɓen shugaban ƙasa ya matso, aka ce masu irin lalurarsa suna iya wakilta wani ya jefa musu ƙuri'a a ƙaramin ofishin jakadancinmu. Na yi ta zirga-zirga da katinsa da takardar asibiti har takardar wakilci ta fito da sunana.

Matsalar ita ce, ni da shi ba mu taɓa son ɗan takara ɗaya ba. Nasa ma ko muryarsa ba na son ji a rediyo. Da safen ranar ya miƙo mini takardar, ya ce, "Hajiya, kin dai san mutumina."

Na ce, "Na san shi, Malam. Ina ma ban san shi ba."

Ya yi dariya ya ce, "Yalla, tafi kafin rana ta yi zafi."

A ofishin, na jefa tawa ƙuri'ar ba wata wahala. Da aka ba ni ta biyu na shiga bayan labule, sai na tsaya. Babu mai ganina. In na dangwala wa nawa, wa zai sani? Wallahi sai da hannuna ya nufi can. Sai na tuna yadda komai nasa ya dawo hannun wasu, wankansa, fitarsa, har juyawarsa a gado. Ra'ayinsa kaɗai ya rage masa. Na dangwala wa mutuminsa, ina hawaye, ina kuma jin haushi.

Da na dawo na same shi bakin taga yana jirana. Ya riƙe hannuna ya daɗe yana kallon tawadar da ke yatsana. Na ce, "Ba za ka tambaye ni wa na zaɓa maka ba?"

Ya ce, "Da ina shakkarki ai da ban ba ki ba. Halas, magana ta ƙare, zuba mana shayi."

Yanzu shekaru sun ja, Allah Ya yi masa rasuwa. Abin da ranar ta koya mini shi ne, idan wanda jikinsa ya gaza ya ba ka saƙo, ka isar da abin da ya ce, ko da kana ganin ka fi shi sanin daidai.