Mangwaro a Cikin Miyar Kifi

'Ya'yana da jikokina, ku saurara. Yau na ga abin da ban taɓa gani ba a Diffa!

Kun san tun da kakanku Malam ya tashi daga ciwon nan ya ƙi abinci. Har miyar bandar Bosso da tattasan gonarmu na yi masa, ya kau da kai. Likita ya ce in bai ci ba, asibiti za a mai da shi.

Da azahar sai ga maƙwabciyarmu Maman Esta, matar ma'aikacin nan 'yar Gaya, da kwano a rufe. Ta ce, "Iya, a ba Baba ya taɓa." Da ta fita na buɗe. Innalillahi! Banda ce, amma an yanka mangwaro nunanne a ciki, har da abarba! Mangwaro a tukunya, jama'a! Na ce wannan sai awaki.

Na kai bakin ƙofa da kwanon ke nan, Malam ya ɗago kai daga tabarma. "Hajiya, ƙanshin me nake ji?"

Na ce, "Ɓarna ce, Malam."

Ya ce, "Kawo ɓarnar."

Wallahi ya cinye tas! Ya suɗe kwano da yatsa, ya ce, "Babu saura?" Mutumin da tun aurenmu ko tsamiya ta yi yawa sai ya yi magana!

Yanzu ga ni na yafa mayafi, da bandata da tattasaina, zan je wurin Maman Esta ta koya mini miya. Ni!