Allurar Kawu da Awakin da Suka Mutu

Shekarata ta farko ke nan a wani furoje, wato shirin bunƙasa kiwo, a Tasawa, ni ke shigar da takardun anketi, wato binciken tambayoyi, cikin ordinatar, wato kwamfuta. Tambaya biyu muka yi wa masu awaki, tun daga Kona har Gidan Amumune: an yi wa bisashenka allurar rigakafi? Akwai wadda ta mutu bana? Wanda ya ce i in sa ɗaya, wanda ya ce a'a in sa sifili.

Na sa lojisiyel, wato manhajar lissafi, ya auna mini yadda amsoshin biyu ke tafiya tare. Ya fiddo tablo, wato jadawali, mai gida huɗu, da lamba guda a ƙasa. Gidajen da aka yi wa allura, can mutuwa ta fi yawa. Na sake bin takardun ɗaya bayan ɗaya ko na juya ɗaya da sifili. Ina! Komai daidai.

Mai allurar yankin kuwa kawuna ne, ƙanen mahaifiyata, shi ya riƙe ni har na gama lise, wato sakandare.

Shef, shugabanmu a furoje, ya leƙo ta bayana ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ko maganin ya lalace a hannun mai allurar, ko ruwa yake tsira musu. Jibi rahoto zai tafi Maraɗi. In haka ne, a karɓe kayan aiki."

Washegari na hau kabu-kabu, raina a ɓace. Na iske Kawu a zaure yana wanke sirinji. Ko gaisuwar kirki ban yi ba, ni da bakina mai kaifi, na ce, "Kawu, don Allah gaya mini gaskiya, ruwa kake tsira wa awakin mutane?"

Ya ajiye sirinjin. Na ba shi labarin tablo, ya saurara har ƙarshe.

"Wa ya taɓa kirana garkensa yana lafiya?" in ji shi. "Mutanenmu sai akuya ta faɗi, ta biyu ta bi ta, sannan a aiko in zo da gudu. Takardar taku ta tambayi wanne ya riga, allura ko mutuwa?"

Ba ta tambaya ba. Ni na rubuta ta kuma. Kunya ta kama ni kamar in nutse.

Na koma na faɗa wa shef laifin nawa ne. Ya yi faɗa son ransa, ya tsai da rahoto, muka sake anketi, sakamako ya gaskata maganar Kawu. Kayan aikin Kawu suka tsira a hannunsa.

Sai dai tun daga ranar, in na gai da Kawu, "Lafiya lau, malam" yake ce mini, kamar baƙo.