Fuskar da aka yi wa mahaifiyata a bangon Setapak

Shekarun baya, lokacin maigidana yana tsakiyar karatunsa muna zaune a Setapak, wata unguwa a ƙasar waje, wani ɗan garinmu ya buɗe gidan abinci a ƙasan wani bene. Ya ji labarin ina zane, sai ya aika a kira ni. Ni da ban taɓa wuce takarda da ƙananan alluna ba, ya nuna mini bango guda, tun daga ƙofa har wurin wanke hannu.

"Malama, gida nake so," ya ce. "Duk wanda ya shigo ya ji kamar yana Kano."

Na amsa da sauri kamar wadda ta saba. Sati uku ina kan tsani a tsorace, ga fenti ya ƙi bushewa saboda damshin garin.

A lokacin wata biyar ke nan da rasuwar mahaifiyata. Ban samu na je ba, a waya na karɓi gaisuwa. Ita kuwa ba ta yarda da hoto, ko na biki ba ta tsayawa, don haka ba mu da ko ɗaya. Sai na zana ta a tsakiyar bangon tana suyar waina a ƙofar gida, ɗankwalinta ya karkace hagu yadda take ɗaura shi, ludayi a hannu. Fuskar na bar ta fili, ba ido ba baki. Haka malamin da ya koya mini yake yi don kauce wa surar mai rai, kuma na san da tana raye iyakar abin da za ta yarda da shi ke nan.

Na gaya wa mai gidan abincin ko wace ce. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Allah ya jiƙanta."

Bayan sati biyu na biya in yi mana tapau, abincin da zan tafi da shi gida. Ina shiga na ga an yi mata fuska. Manyan idanu, jan baki, haƙora a waje, kamar mai tallar man goge baki.

"Alhaji, wa ya taɓa wannan?"

"Ai Malama, masu cin abinci ne suka dame ni. Mutanen garin nan cewa suke fatalwa ce, 'ya'yansu na tsoro. Wanda ya rubuta mana allon waje na sa ya ƙarasa. Ƙaramin abu ne."

"Ya ƙarasa? Na ce maka ban gama ba? Da ka kira ni ai da na juya ta ta ba da baya."

"To wai bangon naki ne ko nawa?"

"Bangon naka ne, Alhaji. Uwar tawa ce."

Washegari da safe na dawo da fenti da buroshi, bai hana ni ba. Da hannuna na shafe ta, daga ɗankwali har ƙafa. Na bar tandar a kan murhu, na zana kujera 'yar tsugunno ba kowa a kanta.

Na yi manyan bangaye da dama bayan wannan, tsani ma ya daina ba ni tsoro, amma ban sake ɗora wani ɗan uwana a bangon wani ba. Mai rubuta allon ban riƙe shi ba, bai san ta ba. Wanda ya yi mata addu'a a gabana sannan ya miƙa ta ga baƙo, shi ne har yau nake jin zafinsa. Bai san abin da ya ɗauke mini ba. Wani lokaci idan na rufe ido ina neman fuskar mahaifiyata, wancan jan bakin ne yake fara zuwa, sai na kore shi kafin tata ta fito.