Motar da Ta Riƙe Yayana a Alƙahira

Mun tashi daga Kazaure da asuba, ana sallame salla, ni da wani maƙwabcina da ya rako ni filin jirgin sama na Kano. Ina rubuta wannan ne domin 'yan'uwana direbobi na tasha, waɗanda tun da na dawo suke tare ni da tambaya. Zan faɗa bi da bi yadda abin ya gudana, kada wani ya ce na tsallake masa wuri.

Da farko dalilin tafiyar. Yayana, ɗan farin mahaifiyarmu, ya bar gida tun ina saurayi. Ya tuƙa wani attajirin Damagaram zuwa aikin hajji ta ƙasa, daga baya attajirin ya zauna a Alƙahira yana ciniki, Yaya ya zauna tare da shi. Maigidan ya rasu, matar Yaya ma ta rasu, amma bai dawo ba. Inna kuwa ta tsufa ƙwarai, ko tsakar gida ba ta fita. Kun san al'adarmu, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta tambayar lafiyarsa a gaban mutane. Duk shekarun nan "mutumin Masar" take ce masa. To, ana gobe zan tashi na shiga yi mata sallama, ɗakin cike da mata, sai ta ɗaga kai ta kira sunansa na yanka, ta ce in ce masa ya zo. Matan suka sunkuyar da kai. Ni ma na sunkuyar da nawa. Da wannan na hau jirgi.

Mun sauka a Alƙahira da rana tsaka. Ban taɓa ganin gari mai yawan mota irin wannan ba, kuma ban taɓa ganin inda aka raina layi kamarsa ba. Kowa hannunsa na kan hon. Bas tana tafe ta karkace saboda mutanen da suka maƙale a ƙofa, amalanken jaki na gefenta, ba mai ba wani hanya. Direban tasi da ya ɗauke ni ya taɓa aiki a Sudan, ya tsinci Hausa kaɗan. Da muka wuce wata doguwar motar Amurka a gefen titi, an ɗaga bonet, sai ya nuna ta da haɓa ya ce shi ma ya taɓa mallakar irinta. Ya ce tana da daɗin zama kamar gado, amma cikinta ba ya cika. Ya sayar da ita ya sayi wannan ƙaramar, tun daga ranar iyalinsa suka koma cin nama.

Yaya yana zaune a unguwar Giza, a wani lungu, ɗaki ɗaya a ƙasan bene. Kafin in gan shi na ga motarsa. Doguwa ce, baƙa, ƙirar Amurka, mai dogon baya kamar ɗaki, ta cinye rabin lungun, an lulluɓe gilashinta da tsohon bargo. Shi kuma yana zaune a kujera kusa da ita. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa, ya tambayi hanya, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, na Inna ya bar shi a ƙarshe, ya yi shi a taƙaice. Da ya miƙo mini kofin shayi sai na ga ya miƙa shi gefen hannuna. Na dubi idanunsa, na ga wata farar yana ta rufe su.

Abincin garin ba shi da tsada. Da safe wake ne dafaffe da mai da gurasa mai zafi, da rana wani haɗin shinkafa da taliya da ƙananan wake da soyayyar albasa. Yana ƙosarwa, sai dai mutum ya ci ya tashi yana jin kamar bai ci tuwo ba, domin kuwa bai ci ba. Kowace safiya bayan karin kumallo Yaya yakan yaye bargon, ya duba ruwan lagireto da yatsa, ya shafa tayoyi, ya shiga ya tayar da inji, ya zauna yana saurare. Ba ya zuwa ko'ina. Ya daina fita da ita sai dole.

Da na huta na kawo maganar komawa gida. Na jera masa dalilai: shekaru, ido, kaɗaici, ga ɗaki an gyara masa. Saƙon Inna ne kaɗai na riƙe, domin yana da nauyi ƙane ya dubi wansa ya buɗe masa abin da uwa ta rufe tun haihuwarsa. Na ɗauka sauran dalilan za su isa. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce:

"Motar fa?"

Na ce a sayar. Ya juyo gare ni ya ce:

"Kai direba ne ko dillali? Maigidana ya ba ni ita yana kwance, ya ce in riƙa kai bayin Allah makwancinsu. Duk Bahaushen da ya mutu a garin nan, ɗalibi ko ɗan kasuwa, a cikinta yake tafiya. Tasi ba ta ɗaukar gawar baƙo. In na tafi, a ka za su ɗauke su?"

Kwana biyu bayan haka ya ce in raka shi gareji a canza mata mai, ya miƙo mini makulli kamar ba da gangan ba. Giyarta a jikin sitiyari take, kuma tana tafiya a hankali da nauyi, rami ba ya damunta. Makanikin wani tsohon Bamisire ne, ana ce masa Usta, kamar yadda suke kiran duk gwanin sana'a. Ya yi aiki a masana'antar da kamfanin motar ya taɓa buɗewa a Iskandariya, shi ya ba ni tarihin, Yaya yana fassarawa.

Wanda ya kafa kamfanin ɗan manomi ne a Amurka, bai son aikin gona, ya fi son ƙarafa. A zamaninsa mota ta masu kuɗi ce. Shi ya ce zai yi wadda talaka zai saya. Ya jera ma'aikata a layi, mota tana tafe a gabansu, kowa aiki ɗaya yake yi, mai ɗaura taya ba ya taɓa inji, har ta fito ƙarshen layi da ƙafarta. Farashi ya faɗi, manoma suka saya. Wannan sashen ya burge ni, domin na daɗe ina gaya muku a tasha cewa aiki in ba tsari wahala ce kawai. Amma akwai sashe na biyu. Mutumin ya so motarsa ta farko har ya ƙi canza ta, launi ma ya daɗe a kan baƙi kaɗai, har abokan gasarsa suka sha gabansa, sai da 'ya'yan gidansa suka matsa masa. Daga baya kamfanin ya bazu duniya, ya zo Masar. Sai siyasa ta shiga tsakani, aka daina hulɗa da shi a ƙasashen Larabawa, kayan gyara suka yanke. Usta ya ce tun daga lokacin duk motar da ke tafiya a Alƙahira daga cikinsu, gawar 'yar'uwarta take ci, wato da kayan wadda ta mutu ake gyara ta. Da mai ya yi tsada a duniya kuma, ƙananan motocin Japan suka kwashe kasuwa.

Akwai masu irin motar su biyu suna jiran gyara. Ɗaya mai kai amare ne, ya ce tasa ta aurar da unguwa guda ba ta taɓa ba shi kunya ba, ya taɓa karo da bas, bas ɗin ce ta lotsa. Ɗayan, wani ma'aikacin ofis a unguwar Dokki, ya ce tasa ta fi zama a garejin nan fiye da ƙofar gidansa, in zafi ya yi sai ta mutu a tsakiyar titi kamar an yanka ta. Usta ya ce dukansu gaskiya suka faɗa. Ya dubi Yaya ya ce wani abu suka yi dariya. Na tambaya, Yaya ya ce, "Wai ni da mai kamfanin uwarmu ɗaya." Shi kaɗai ne bai yi dariyar sosai ba.

Ranar Laraba da hantsi wani tela mutumin Maraɗi, dattijo mai iyali, ya zo da labari: wani ɗalibin ilimin addini daga Tawa ya rasu a asibiti, zazzaɓi ne, ba shi da kowa a garin sai abokan karatu. Yaya ya miƙe ya sa hularsa. A bakin mota ya tsaya, ya juya makullin a hannu, sannan ya ba ni.

"Ja. Ni zan faɗa maka hanya."

Aka yi wa mamacin wanka da sutura, aka sallace shi bayan azahar, aka kwantar da kujerar baya, makarar ta shige daidai kamar don ita aka auna motar. Ɗalibai suka bi mu a bas. Maƙabartar tana gabashin gari, sai an haye kogin Nilu. Yaya yana gefena yana cewa dama, hagu, ba da ido ba, da ƙarar titi da warin kasuwanni yake gane inda muke. Muna tsakiyar gada, cunkoso ya tsayar da mu cikin rana, inji ya yi tari sau biyu ya mutu. Na murza makulli, ba ta tashi ba. Na sake, ba ta tashi ba. Bayanmu hon ya kaure.

Yaya ya ce zafi ne ya busar da mai a famfo, sai ta huce, ba abin da za a yi mata yanzu. Ya ce bai taɓa barin gawa a rana ba.

Wani mai babbar mota ya sauko yana zagi, ya leƙa ta gilashin baya, ya ga likkafani. Nan take ya yi shiru, ya ɗaga yatsa ya yi kalmar shahada, ya juya ya yi wa na bayansa tsawa. Hon ya ɗauke kamar an kashe rediyo. Mutane suka fara fitowa daga motocinsu: mai kwat, mai doguwar riga, soja, mai tallan lemo ya ajiye tirensa. Ba wanda ya tambayi ko mamacin ɗan ina ne. Suka dafa motar suna cewa yalla, ya Rabb, suka tura. Kun san nauyin ƙarfen Amurka. Haka suka tura mu har ƙarshen gadar, wasu na saki wasu na kamawa, kamar yadda muke karɓa-karɓa da makara. A gangaren wani mai shayi ya kawo ruwan sanyi, tela ya jiƙa tsumma ya ɗora inda Yaya ya nuna masa, na sa giya na saki kuloci, ta tashi. Mai babbar motar ya leƙo ya ce, "Ma'alish, ya Hajj," wato a yi haƙuri, ya koma.

Bayan an rufe yaron, mutane sun watse, muka zauna a inuwar wani bango. Can Yaya ya ce:

"Ka ga ko ɗaya daga cikinsu bai san shi ba."

Na ce na gani. Sai na ji in ban faɗa yanzu ba, ba zan faɗa ba har abada. Na kawar da kaina gefe na ce:

"Yaya, Inna ta kama sunanka. Da bakinta, a gaban mata. Ta ce ka zo."

"Sunana?"

"Na yanka."

Ya cire hularsa, ya mayar. Ya sa hannu ya rufe fuskarsa. Na tashi na je na tsaya wajen mota ina duba tayar da ba abin da ya same ta.

Bai sayar da ita ba. Ya tara shugabannin ɗalibai da 'yan kasuwa, ya ce ya bar ta sadaka domin mamata, makulli a hannun tela, gyara a hannun Usta, mai kuma a kan jama'a. Kwanakin da suka rage ya ƙare su yana koya wa tela halinta: abin da ake dubawa kafin a tayar, yadda ake lallaɓa totur, da tsumma da butar ruwa da ba a fita sai da su. Ranar tafiya ita ta kai mu filin jirgi. Da muka sauka ya dafa bonet ɗinta, ya tsaya kaɗan, ya ce khalas, wato shi ke nan, ya kama hannuna.

Mun iso Kazaure da la'asar. Ya durƙusa a ƙofar ɗakin Inna ya yi sallama. Ta juya fuskarta bango, ta ce da ni, "Mutumin Masar ne ya iso? A ba shi ruwa." Amma na ga hannunta ya fito daga mayafi yana lalube a tabarma, har ya kama bakin rigarsa, bai saki ba.

Abin da na koyo kaɗan ne. Motar Amurka tana da ƙarfi, tana da ci, mai yabonta da mai zaginta duk ba su yi ƙarya ba, kowa ya duba aljihunsa da aikinsa kafin ya saya. Mutumin da ya ƙera ta ya kusa rasa kome domin ya ƙi sakin abin da ya gina, Yayana ma ya kusa. Kuma in an ba ku saƙon tsohuwa, ku isar da shi tun ranar da kuka sauka. Inna ta rasu kafin damina ta faɗi. Yaya ne ya shiga kabarin ya karɓe ta.