Shirun Kakata da Sunan Gidanmu

Akwai abin da ya same ni ina saurayi wanda na tabbata zai raka ni har kabari, ba zan manta da shi ba. A Ƙanƙara ne, 'yan shekaru kafin samun mulkin kai, lokacin ina ganin duk garin babu wanda ya kai ni wayo saboda na mallaki keke.

Gidan Maitaiki ake kiran gidanmu, kuma da wannan suna aka san mu duka. Taiki dai shi ne ƙatuwar jakar fatar nan da ake ɗura hatsi a ɗora wa jaki. Babu wanda ya san dalilin sunan, don kakanmu baƙo ne ya zo garin, ya auri kakata, ya rasu babana yana goye. Inda ba a sani ba kuwa, mutane ba sa rasa abin cikewa. Sai aka riƙa cewa wai a cikin taiki aka sato shi yana yaro, zamanin kamen bayi. Tun ina ƙarami nake dambe a kan wannan magana.

Ban san zafinta ba sai da na ga yarinya a Mabai, na ji in ba ita ba sai rijiya. Magabatana suka je, baffanta ya karɓe su da mutunci, sannan ya ce, "Yaro ba mu da ta cewa a kanshi. Amma ku hwaɗa muna, kakanshi ɗan wane ne? Ba mu ba da ɗiya inda ba mu san tushe ba."

Babana ya dawo ya shige ɗaki, ranar ko tuwo bai ci ba. Na fi jin ciwon wannan a kan nawa.

Na tafi wurin kakata kai tsaye, tana zaune tana kaɗi. Na ce ta gaya mini sunan uban kakana da na uwarsa. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce, "Tashi ka ba ni wuri, marar ta-ido!" Haka take yi wa kowa tun fil azal, shi ya sa har a cikin gida muka ɗauka maganar bautar gaskiya ce, kunyarta take ji.

Abin da aka sani kawai shi ne ta hanyar Faskari kakana ya ɓullo. Na hau keke na bi sawu. Na ci kasuwar 'Yankara ina tambaya, na shiga Faskari na gaida duk wani mai furfura da na gani a gindin bishiya. Ko'ina amsar ɗaya ce: "To, ɗan wa ne shi?" Ni kuwa abin da na fito nema ke nan. Masu irin sunan kakana sun fi a ƙirga, kowane tsoho ya san uku ko huɗu.

Na isa Sabuwa a gajiye, ƙaya ta gama da tayar kekena. Na zauna wurin wata tsohuwa mai fura, tana damawa ina zuba mata labari kamar na san ta. Da na kai inda kakata ta kore ni, sai ta ajiye ludayi ta kama dariya har da hawaye.

Ta ce, "Kai yaro, ina aka haihe ka? Ka tasa mace gaba ka ce ta kira sunan surukanta? Ko wuƙa ka sa mata a wuya ba ta hwaɗi. Koma gida. Kai za ka riƙa kiran sunaye, ita tana cewa a'a. Inda ka ji ta yi shiru, ka riƙe."

Wallahi na san mace ba ta kiran sunan miji, ba ta kiran na ɗan fari, balle na surukai. A cikin wannan al'ada na tashi. Amma zargin bauta ya cika mana kai, har ba wanda ya tuna da abin da yake yi kullum a gidansa.

Na koma na sami kakata da hantsi, na zauna nesa kaɗan. Na ce, "Iya, ba na ce ki faɗi komai ba. Ni zan yi magana." Na fara jero sunayen maza. Ta harare ni, sai kuma na ga ta gane. Kowanne na kira ta ce, "A'a," mazari na juyawa. Can na kira wani suna. Mazari ya tsaya. Ta sunkuyar da kai, ba ta ce uffan ba. Na koma kan sunayen mata, nan ma muka yi tafiya har ta sake yin shiru, sai dai wannan karon da hawaye.

Na ce, "To garinsu fa?"

Ta ce, "Wa ya taɓa tambayata gari? Kullum ku sai suna! Mutanen Sabuwa ne, dukawa masu ɗinkin taiki. Tallar taiki ta kawo shi nan kasuwa. Ya ce in an yi girbi zai kai ni in gaishe su, ciwo ya riga girbi."

Ashe sunayen nan kakana ya ba ta ajiya tana amarya, ta riƙe su fiye da shekara hamsin ba ta taɓa ɗora su a harshenta ba.

Wannan karon da babana muka tafi. Da muka ambaci sunayen nan biyu a unguwar dukawa, ba a ko yi shawara ba aka nuna mana wani zaure da fatu a shanye a ƙofarsa. Ashe na wuce ta gaban zauren ina tura keke a zuwana na farko. Wani dattijo na ciki da basilla a hannu. Ya ɗago ya dubi babana, ya daɗe yana kallo, sai basillar ta faɗi. Ƙanen kakana ne. Sun ji labarin rasuwar yayansa daga bakin fatake, amma ba su taɓa sanin ya bar ɗa ba.

Ya ce, "Zo nan, ɗana." Babana, mutum mai furfura a gemu, ya durƙusa yana kuka kamar yaro. Bai taɓa samun wanda zai kira Baffa ba sai ranar.

Dattijon nan da kansa ya hau jaki har Mabai, ya zauna gaban baffan yarinyar ya jero masa kakanninmu har sai da baffan ya ce ya isa haka. Yarinyar nan ita ce uwar 'ya'yana, kuma har yau da sunan Maitaiki suke amsawa a makaranta, kai a sama.

Tun daga lokacin na daina ɗaukar shirun manya a matsayin rashin sani ko ɓoye abin kunya. Sau da yawa amsar tana nan a hannunsu, sun ma ƙosa su ba ka. Kai ne za ka nemi hanyar tambayar da za su iya amsawa ba tare da sun zubar da mutuncinsu ba.