Shekarar da Beyar Ya Makara Kwanciya

Har yau idan na ji ƙamshin sabon littafi, hoton nan nake gani: ƙaton beyar, wani naman daji mai gashi launin ƙasa, ya naɗe a cikin rami, ƙanƙara ta rufe bakin ramin. Ina aji uku a lokacin, muna zaune a ƙasar waje, a wani gari da ake kira Pleasant Garden. Na kawo littafin daga lakwal, wato makaranta, na nuna wa Kaka, mahaifiyar Baba, wadda aka ɗauko daga Maradi.

Sanyinta na farko a ƙasar nan a ɗaki ta yi shi. Ta saki labule, ta lulluɓa da bargo biyu, ta rame har zobenta yana zamewa. Na ji Baba yana gaya wa Mama cewa idan bana ma haka ta yi, zai mayar da ita gida. Ni kuwa a cinyarta nake kwantar da kai tana yi mini kitso, zaninta na ƙamshin turaren wuta. Ban san yadda zan rayu babu wannan ƙamshin ba.

Da na ce mata dabbar nan barci take yi duk tsawon sanyi, sai ta yi dariya.

"Ashe ina da ɗan'uwa a garin nan. Ranar da ya shiga, ni ma na shige."

Ta sa Baba ya nuna mata Disamba a kalanda, watan da littafin ya ce beyar yake shiga rami, ta fito da bargunanta.

Amma a shekarar sanyi ya makara. Disamba ta kama, rana na da ɗumi, ciyawa ba ta gama bushewa ba. Malamarmu ta ce beyar bai san kalanda ba. Idan sanyi ya yi jinkiri kuma da sauran abinci a daji, shi ma yakan jinkirta kwanciya, idan ɗumi ya zo da wuri ya fito da wuri. Da gudu na sauko daga motar makaranta.

"Kaka, ɗan'uwanki bai shiga ba tukuna!"

Na yi mata bayani da gurguwar Hausata. Sai ta ce, "Manomi ne ke nan. Mu ma ba wata muke bi mu yi shuka ba, ruwa muke jira."

Tun daga ranar, kowace safiya sai ta buɗe ƙofar baya ta miƙa hannu waje, kamar mai auna jiƙar ƙasa. Idan iska ta cije ta, ta koma bargo. Idan ba ta cije ta ba, ta sa rigar sanyin Baba mu zagaya bayan gida. Kwanakin fitar sun fi na kwanciyar yawa. Baba bai ƙara tayar da maganar Maradi ba.

Yanzu nakan ji ana cewa sanyi yana gajarcewa, barcin beyar yana raguwa, abin yakan taɓa mini zuciya. Kaka kuwa tana nan, da sanda take tafiya, yakuwarta ta cika bayan gida. Jiya na tarar da ita a bakin ƙofa riƙe da hannun 'yata, tana miƙa shi waje.

"Ji da kanki," ta ce mata. "Yau ta fita ce."